Wasiƙa a Buɗe Zuwa ga Maharban Ƙasar Arewa

Zuwa ga sarakunan baka, da dattawan maharba, da samarin da ke koyon ɗaukar kwari da baka a gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri, tun daga Matankari da Dankasari har zuwa Dumega da Kore Mairuwa. Manufar wannan wasiƙa ita ce tunatarwa a kan abu guda, wato cewa a dajin da namansa ya ƙaranta, gwanintar maharbi ta koma ga sanin lokacin da ya kamata ya mayar da kibiya cikin kwari ba tare da ya sake ta ba.

Baka tana da daɗaɗɗen matsayi a wannan ƙasa, domin da ita mutanen Sarauniya Mangu suka tari rundunar Faransa a Lugu cikin shekarar 1899, kuma da ita aka ciyar da gidaje a zamanin da daji yake cike. Sai dai farin shekarun 1973 da 1984, da faɗaɗar gonaki, da saran itace, da shigowar bindiga, sun taru sun kore manyan dabbobi daga Dallol Mawri, wato tsohon kwarin kogin da ya ratsa ƙasar daga arewa zuwa kudu. Gwanki, wanda shi ne babban naman da maharbi ke alfahari da shi, mai ƙaho lanƙwasasshe zuwa baya da nauyin da kan zarce kilo 250, yanzu sai a wurare irin gandun daji na W ake maganarsa. Abin da ya rage a kusa shi ne zomo, da zabin daji, da fakara, da damo, sai kuma 'yar barewa ko gada a inda ƙafa ba ta yawaita ba.

Duwatsun Arewa ba dogaye ba ne ƙwarai, tuddai ne na jar marmara masu shimfiɗaɗɗen kai, waɗanda ruwan sama ya tsattsaga gefensu ya bar kwazazzabai, kuma duk wanda zai yi harbi a cikinsu dole ya fara da karatun iska. Da asuba iska mai sanyi takan gangaro daga kan tudu zuwa kwari, idan kuma rana ta ɗaga ta gasa dutse sai ta juya ta riƙa hawa, saboda haka maharbin da ya ɓullo wa nama ta sama da sassafe ya riga ya aika masa da warinsa tun kafin ya hango shi. Tsofaffin maharba sukan ɗebi ɗan toka ko lallausar ƙasa su sake ta tsakanin yatsu, su dubi inda ta karkata, sannan su zaɓi hanyar da iska za ta bugi fuskarsu. A kan fako, wato ƙasa mai tauri wadda ba ta riƙe sawu, ana bin alamu ne na daban: tsakuwar da aka birkice har gefenta mai duhu ya koma sama, da tohon sabara ko geza da aka gutsura, da kashin dabba wanda danshinsa ke nuna daɗewarsa.

Baka makami ne na kusa, wanda ba ya cika alkawari sai a tazarar taku kaɗan, kuma wannan ne ya sa magabata suka ƙirƙiri dabarar burtu, wato sassaƙen kan tsuntsun nan da maharbi ke ɗaurawa a goshi, ya duƙa yana tafiya yana kwaikwayon kiwonsa har nama ya saki jiki da shi. Yana da kyau samari su fahimci cewa harbi daga nesa, ko harbin dabbar da ke gudu, yawanci rauni yake haifarwa, dabbar ta tafi ta mutu a inda kura ko ungulu kaɗai za su amfana. Wurin da ake nufa shi ne bayan kafaɗa, a lokacin da dabba ta ba da haƙarƙari. Idan kibiya ta shiga, jinin da ya zuba shi ke faɗin abin da za a yi: ja mai haske da kumfa alama ce ta huhu, kuma naman ba zai yi nisa ba, amma mai duhu gauraye da ciyawa alama ce ta tumbi, wanda ke bukatar a dakata kafin a bi, don kada a tayar da dabbar ta ƙara nisa. Bin naman da aka raunata wajibi ne ko da zai cinye yini, domin kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Dafin kwankwani, tsiron da magabata ke shafa wa kan kibiya, zuciya yake tsayarwa, kuma bai san bambancin barewa da ɗan maharbi ba, don haka kwarin da ke ɗauke da irin wannan kibiya ba ya kwana a inda yara ke wasa. Haɗarin da ya fi yawa a duwatsu kuwa yana ƙarƙashin ƙafa ne. Kububuwa, ƙaramar macijiya mai launin tsakuwa, dafinta yana hana jini daskarewa, har wanda ta sara ya riƙa zubar da jini ta dasashi bayan wasu sa'o'i alhali yana tsammanin ya tsira, kuma maganinta shi ne allurar kashe dafi a asibiti, ba tsaga wurin ko ɗaure shi tamau ba. Wanda gamsheƙa ta tofa wa dafi a ido ya wanke da ruwa mai yawa nan take, dilar da ta tunkaro mutum da rana tsaka babu tsoro kuma a nisance ta, saboda alama ce ta ciwon haukan kare.

Dokar farauta ta Nijar, mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilun 1998, ta ware dabbobin da ba a taɓa su sam, kuma raƙumin dawa yana cikinsu. A shekarar 1996 guda 49 kacal aka ƙirga a yankin Kure da Dallol Boso, su ne na ƙarshe a duk Afirka ta Yamma, amma da aka daina kashe su sun haura 600, har aka ɗebi 8 zuwa gandun Gadabeji a 2018. Makamancin haka ya faru a duwatsun yammacin Amurka, inda wata babbar dabba mai ƙaho reshe-reshe da ake kira elk ta kusa ƙarewa a farkon ƙarni na 20, sannan ta farfaɗo ta kai kusan miliyan guda bayan an ƙayyade lokacin farauta da adadin da kowa zai harba, kuma har yau masu baka suna farautarta a watan Satumba. Maharbin da ya ci karo da raƙumin dawa, sai ya ba shi hanya, musamman uwa mai ɗa wadda shurinta kan yi kisa, sannan ya sanar da ma'aikatan gandun daji.

Abin da ya rage yana hannun sarakunan baka, waɗanda maganarsu ta fi takarda isa cikin daji. Su ne za su iya tsayar da ƙa'ida a kan barin mace mai ciki ko mai shayarwa, da barin ƙwan zabo da damina, da hana cinna wa daji wuta don korar nama, da hana farautar dare da fitila, su kuma keɓe wasu kwazazzabai da za a hutar na wasu shekaru bisa yardar masu gari da makiyaya. Idan aka yi shelar wannan a taron maharba kafin fitar rani, aka kuma hukunta wanda ya saɓa ko ɗan wane ne, samarin da ke koyon jan tsarkiya a yau za su sami abin da za su koya a kansa.

Allah ya tsare masu shiga daji, ya mayar da su gida lafiya. Wassalam.