Samfurin jirgin yaƙi ya iso a karye? Bai kai na zubarwa ba

Duk wanda ya taɓa yin odar kwalin samfurin jirgin yaƙi daga shagunan intanet na ƙasashen waje ya san fargabar ranar buɗe shi. Kwalin yakan yi makonni a hanya, a danne shi da wasu kaya, ya sha zafin sito da na bayan mota. Sai ya iso fiffike ya lanƙwashe, ƙafar taya ta karye, gilashin matuƙi duk karce. Abin da yakan biyo baya sananne ne: a ɗauki hoto da waya, a tura wa mai sayarwa ƙorafi, a cilla kwalin ƙarƙashin gado. Ƙorafin daidai ne, tunda kuɗi aka biya. Cillar da kwalin ne asara, domin mafi yawan irin wannan ɓarna tana gyaruwa, kuma mai gyaran yakan ƙaru fiye da wanda nasa ya iso lafiya.

Ga wanda bai saba ba, samfurin kwaikwayon jirgi ne na gaske da aka rage girmansa bisa ma'auni. F-16 na Amurka tsawonsa kusan mita 15 ne. A ma'aunin 1/72 sai ya dawo santimita 21, a 1/48 kuma kamar 31. Kamfanoni irin su Tamiya da Hasegawa na Japan, da Airfix na Ingila, suna zuba sassan jirgin manne a jikin firam na roba, mutum ya yanko su ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa, ya yi fenti.

Sirrin gyaran yana cikin sanin robar kanta, wadda ake kira polistirin. Gam ɗin da ake sayarwa don samfura ba irin gam ɗin takalmi ba ne. Narkar da fuskokin biyu yake yi su zama abu guda, kamar walda. Saboda haka fiffiken da ya karye gida biyu, matuƙar bakin karayar bai rududduge ba, ana daidaita shi a ɗiga gam ɗin ya bi tsagar, a bar shi ya kwana. Bayan an goge da sanfefa mai laushi an yi fenti, da wuya a gane wurin. Wanda ya lanƙwashe kuwa ruwan zafi yake so, amma ba tafasasshe ba. Robar tana sakin jiki gaba ɗaya idan zafi ya doshi digiri 100, ƙananan sassa su tattare kamar ƙuli-ƙuli. Ruwan filas da ya ɗan huce ya isa: a tsoma, a miƙar da hannu a hankali, a riƙe shi a ruwan sanyi.

Ƙafar taya ta fi wuya, don ita ke ɗauke da nauyin jirgin, gam kaɗai ba ya riƙe ta. Sai an huda ɓangarorin biyu da siririn abin huji na rabin milimita, a sa guntun fil a tsakiya ya zama ƙashi. Firam ɗin da mutane ke zubarwa ma kayan gyara ne. A gasa guntunsa a saman kyandir, a ja, ya zama siririn zare da za a maye eriyar da ta ɓata. A yayyanka shi a jiƙa a cikin gam, ya zama kunun cike rami.

A wajen gilashin matuƙi ne gaggawa ke kashe aiki. Sufa-gulu shi ne abin da hannu ke fara kaiwa, alhali tururinsa yana barin farin hazo a kan roba mai garai-garai. Farin gam na kafintoci ya fi, don idan ya bushe ba ya nunawa. Karce kuma ana bin sa da sanfefa jiƙaƙƙiya, daga lamba 1000 zuwa 2000 zuwa sama, a ƙarasa da man goge baki da tsumma mai laushi. A tsakiyar aikin gilashin zai yi dishi-dishi kamar an ƙara ɓata shi, nan ne da yawa ke karaya su bari. Amma gilashin da ya tsage har ciki, gaskiya babu dabarar da za ta ɓoye shi. Sai dai a rubuta wa kamfanin, tunda Airfix da Revell suna da sashen aika kayan canji, ko a gasa farar robar da ake kunshe iyafis ko memori a ciki, a danna ta a kan tsohon gilashin ta ɗauki siffarsa.

Wani zai ce wahalar ta fi kuɗin kwalin, gara a sayi sabo. Ga mai biya da dala kuma yana jiran makonni, wannan lissafin bai fita ba. Kayan aikin ma ba baƙi ba ne: ƙaramin hantsaki, reza, tabarau mai ƙara girma da sifirit duk suna kan teburin mai gyaran waya a kowace kasuwa. Masu rubuta manhaja sun san irin wannan jarabar. Layi ɗaya ne ya lalace, amma zuciya na raya wa mutum ya goge komai ya sake daga farko, don kawai neman inda matsalar take ya fi gajiyarwa. Wanda ya saba gogewa, shekara biyar zai yi bai iya gano kuskure ba.

Akwai ma ɓarnar da ke buɗe ƙofa. Sitikun ruwa na tambari da lambobi idan sun yi rawaya, a manna takardar a jikin gilashin taga ta sha rana na kwanaki, sukan washe. Idan sun farfashe ba sa ceto, ba dole sai an gama jirgin da tambarin da ke kan kwali ba. Alpha Jet, wanda Dassault na Faransa da Dornier na Jamus suka ƙera, Rundunar Sojin Saman Najeriya tana tashi da shi tun farkon shekarun 1980. Tambarinta da'ira ce ta kore, fari, kore, wadda mai haƙuri zai iya fitarwa da tef da fenti.

Abin da bai kamata a gwada ba shi ne wanke tsohon fenti da fetur, tina ko ruwan cire fentin farce. Suna cin polistirin, su mayar da jirgin danƙo, kuma wannan ba ya da magani. Sifirit ya isa ga fentin ruwa. Kafin a taɓa komai, a baje sassan a kan farar takarda, a ƙirga su da takardar umarni, a ɗauki hoton kowace karaya da kyamarar waya a kusa. Idan takardar ce ta jiƙe ko ta ɓata, shafin Scalemates yana da kwafin umarnin samfura masu yawa da ake saukewa kyauta. Aikin gam da fenti kuma a yi shi taga a buɗe.