RA'AYINMU: Kafin Shamuwa Ta Iso

Duk makiyayi ya sani, kafin shamuwa ta kawo albishirin damina sai bazara ta gasa mutum da dabba. A Afrilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a Kayes ta Mali. Daga wannan yanki na Sahel shanu ke biyowa ta Paga zuwa kasuwar Tulaku a Ashaiman, kuma duk saniyar da ta faɗi a mota jarin wani ne ya salwanta.

Don haka muna kira ga hukumar yanayi ta Gana, GMet, ta riƙa sanar da hasashen zafi a rediyo da Hausa da Fulatanci. Ku kuma fataken Sabon Zongo, Nima da Maamobi, ku shayar kafin lodi, ku rage cunkoso, ku yi tafiyar dare. Rigakafi ya fi magani.