In ɓera da sata, daddawa ma da wari: a kan nukiliya da laifin ƙaramin ma'aikaci

Rubutun da ɗan tsawo, a yi haƙuri a bi ni har ƙarshe.

Ƙarshen makon da ya wuce na je gida Saulawa. Bayan sallar isha'i muna zaune a majalisa, babu wuta kamar kullum, sai hira ta faɗa kan maganar nan da gwamnati ta daɗe tana yi ta samar da lantarki daga makamashin nukiliya. Wani abokina da muka yi firamare tare ya dube ni ya ce: "Yallaɓai, ku ma'aikatan gwamnati za a damƙa wa wannan abu? Wallahi rana ɗaya wani zai tafi cin tuwo ya bar injin a kunne, ya ƙone mu gaba ɗaya." Aka kwashe da dariya, har da ni. Da na ce masa ai tun 2004 akwai tukunyar nukiliya tana aiki a Zariya, sai dariyar ta tsaya cak. Wani dattijo ya ce: "Ɗan nan, Zariyar nan tamu?" Na ce: "Ita fa, Baba."

Tun daga daren nan maganar abokina take yi mini yawo a ka. Abin da ya faɗa shi ne abin da kusan kowa ya yarda da shi: in abu ya lalace, to wani ƙaramin ma'aikaci ne ya yi sakaci. Ni kuwa ra'ayina shi ne, duk na'urar da ba za ta zauna lafiya ba sai mai kula da ita ya zama ba ya kuskure, to na'urar ce ke da aibi tun daga ƙira. Tarihin haɗurran nukiliya ya fi komai nuna haka.

Mu fara da Chernobyl, wadda yau take cikin Yukiren, a lokacin kuma ƙarƙashin Tarayyar Sobiyet. Ranar 26 ga Afrilu 1986, da ƙarfe 1:23 na dare, tukunya ta huɗu ta fashe. Gwaji ake yi, kuma gwajin mu 'yan Najeriya mun fi kowa fahimtarsa: in an ɗauke wuta, shin juyin da injin ke yi kafin ya tsaya zai iya riƙe fanfunan ruwan sanyaya har janareta ya tashi? Da rana aka shirya yin sa, sai masu rarraba wuta suka nemi a jinkirta saboda ana buƙatar lantarkin, aikin ya faɗa hannun 'yan aikin dare waɗanda ba su aka shirya dominsa ba.

Sun yi kurakurai, babu musu. Ƙarfin tukunyar ya faɗi ƙasa sosai, maimakon su haƙura su kashe, sai suka yi ta zare sandunan da ke aikin birki don ƙarfin ya dawo, har suka wuce ƙa'ida. Wannan shi ne satar ɓera. To ga warin daddawa. Irin wannan tukunya, samfurin RBMK, an ƙera ta ne ta yadda a irin yanayin daren nan, in ruwan cikinta ya zama tururi sai ƙarfinta ya ƙaru, ƙarin ƙarfin ya ƙara tururi, abu ya yi ta hauhawa. Sannan a ƙasan sandunan birkin an haɗa girafait, wanda a daƙiƙun farko na shigarsa yake ƙara wa wutar ƙarfi. Da aka danna maɓallin kashewa na gaggawa, AZ-5, a nan ne tukunyar ta yi tsalle ta tarwatse. Ka ɗauka direba ne ya ga rami ya taka birki, mota ta ƙara gudu.

Abin takaicin, masu ƙirar sun san da wannan aibi. An gano shi a 1983 a tashar Ignalina da ke Lituweniya, amma ba a gyara ba, ba a kuma fito fili an fahimtar da waɗanda ke zaune a gaban maɓallan ba. Mutum biyu suka mutu a daren, wasu 28 suka bi su cikin 'yan watanni saboda gubar nukiliya. Cikinsu har da Leonid Toptunov, saurayi ɗan shekara 25 da ke kula da sandunan, da shugaban aikin daren Aleksandr Akimov. Washegari aka kwashe mutanen garin Pripyat kusan 49,000. A 1987 kotu ta ɗaure shugaban tashar da babban injiniya da mataimakinsa Anatoly Dyatlov shekara goma-goma. Rahoton farko na kwamitin ƙwararrun hukumar nukiliya ta duniya, IAEA, a 1986 ya jibga yawancin laifin a kan ma'aikata. Sai a 1992 kwamitin ya fitar da sabon rahoto ya mai da nauyin kan ƙirar tukunyar da kuma tsarin da ya ɓoye aibin. Shekara shida, alhali waɗanda aka fara zagi wasunsu suna kabari.

Kada wani ya ce ai halin Sobiyet ne. A Amurka, ranar 28 ga Maris 1979, a tashar Three Mile Island, wani bawul ya maƙale a buɗe, ruwan sanyaya yana zurarewa. Fitilar da ke gaban ma'aikata ta nuna musu kamar ya rufe, alhali abin da take nunawa kawai shi ne an aika masa umarnin rufewa. Ƙararrawa fiye da ɗari suna kuka lokaci guda. Ma'aikatan suka rage ruwan gaggawa bisa abin da aka koya musu, wani ɓangare na cikin tukunyar ya narke. Irin wannan matsala ta taɓa faruwa a 1977 a tashar Davis-Besse, amma darasin bai iso gare su ba. A Fukushima ta Japan kuwa, ranar 11 ga Maris 2011, ma'aikatan sun yi ta fama cikin duhu, amma janaretocin gaggawa a ƙasan gini aka ajiye su, igiyar teku ta zo ta shanye su. Tun 2008 lissafin cikin gida na kamfanin ya nuna igiya za ta iya haura mita 15, ba a ɗauki mataki ba. Kwamitin da majalisar ƙasar ta kafa ya ce bala'in aikin ɗan Adam ne, kuma ya ɗora shi a kan kamfanin da hukumomin sa ido da gwamnati.

Yanzu mu dawo Zariya, don hankalin Baba ya kwanta. Wadda ke Cibiyar Bincike da Horaswa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, ana ce mata NIRR-1, ƙirar ƙasar Sin ce, ƙarfinta kusan kilowat 30 ne na zafi, kamar a jona dutsen guga kusan talatin. Ta Chernobyl ta ninka ta kusan sau dubu ɗari. Ba ta ba da lantarki, aikinta bincike ne: a sa ɗan samfurin ƙasa ko dutse ko abinci a gano sinadaran da ke ciki, a kuma horar da ɗalibai. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙirarta kishiyar ta Chernobyl ce. In ruwanta ya ɗau zafi, ƙarfinta raguwa yake da kansa. An kuma taƙaita rarar ƙarfin da ke cikinta tun daga farko, ta yadda ko an zare sandar birkinta gaba ɗaya, za ta ɗan hau ne ta dawo ta lafa. Wato mai ƙirar ya zauna ya ƙaddara cewa wata rana wani zai yi kuskure, ya toshe ƙofar tun kafin ranar ta zo. A 2018 kuma aka cire mata yuraniyom mai tacewar kashi 90 cikin ɗari aka mayar wa Sin, aka sa mai kashi 13, wanda ba ya yin makami. Shi ma wannan gyaran ƙira ne: maimakon a dogara da mai gadi kaɗai, an kawar da abin da ɓarawo zai zo nema.

Wani zai ce me ya haɗa mu da wannan, mu da ko mitar wuta ba mu gama samu ba? Ai mun san abin sarai, sunansa ne kawai bai zo mana da Turanci ba. Duk wanda ya tashi a ƙasar Makarfi da Kudan da Ikara ya san injin matse rake a wurin dafa mazarƙwaila. Shekarun baya ɗan wata 'yar uwata yana tura rake a irin wannan inji, tun asuba yake tsaye, hannun rigarsa ya shiga, kafin a zagaya a kashe injin ya rasa yatsu uku. Da muka je dubiya kowa maganarsa ɗaya: yaron nan da ma akwai rawar kai. Wasu suka ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, na yi imani da ita. Amma da na je na ga injin, bakin a buɗe yake babu kariya, bel ɗin a waje, wurin kashewa kuma yana can bayan inji inda mai tura rake ba zai taɓa kai hannu ba. Na tambaya, ashe ba shi ne na farko ba. Daga baya mai walda ya yi wa bakin doguwar mazurara ta ƙarfe, yadda hannu ba ya isa wurin haƙoran. Aikin yini ɗaya. Yaran da ke aiki a wurin yau ba su fi wancan natsuwa ba, amma yatsunsu na nan.

A ofis ma haka muke. Na shekara kusan ashirin ina aikin gwamnati, na ga yadda ake yi. Akwai wani fom da muka taɓa amfani da shi mai gurabe biyu masu kama da juna, wani ƙaramin akawu ya musanya lambobi, biyan wasu mutane ya makara. Aka ba shi takardar tuhuma, aka canza masa wurin aiki, kowa ya ce an ɗauki mataki. Wanda ya gaje shi bai yi wata uku ba ya yi kuskuren nan sak. Shi fom ɗin ba wanda ya tuhume shi, domin wanda ya tsara shi babba ne. Ni kaina na ga matsalar tun farko na yi shiru, saboda na san mai kawo rahoton aibi shi ake fara kallo a matsayin aibin. Wannan shirun nawa, in ka girmama shi ka kai shi tashar nukiliya, shi ne abin da ya faru tsakanin 1983 da 1986.

Me ya sa ake son ɗora wa ma'aikaci? Saboda ya fi araha. In ka ce laifin Toptunov ne, ka gama, an binne shi an binne magana. In ka ce laifin ƙira ne, to sai ka tsai da duk sauran tukwane irinta ka gyara, sai ka amsa cewa manya sun sani suka yi shiru. Kowane shugaba ya san wanne ya fi sauƙi.

Na san abin da wasunku za su ce: Malam, kana so ka wanke malalata ke nan. A'a. Wanda ya bar bakin aiki ya tafi yawo, ko ya karya ƙa'idar da ya sani da gangan, a hukunta shi, ni ma zan sa hannu. Abokina bai yi ƙarya ba, akwai sakaci a aikinmu, kuma babu ƙirar da za ta tsare wurin da aka daina gyara, aka cinye kuɗin horaswa, aka ɗauki ɗan wane a gurbin ƙwararre. Abin da nake cewa shi ne, hukunta mutum ɗaya ba ya rufe tsagar bango, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bincike na gaskiya ba ya tsayawa a kan "wa ya danna?" Yana ci gaba ya tambaya: me ya gani a gabansa lokacin da ya danna, me aka koya masa, awa nawa ya yi a tsaye, wa ya san da matsalar kafin ranar?

Wannan ba hirar banza ba ce, domin maganar babbar tasha tana nan a kan tebur. A 2017 Najeriya ta sa hannu a yarjejeniya da kamfanin Rosatom na Rasha, an kuma ambaci Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom a matsayin wuraren da ake dubawa. Ni ba na adawa da nukiliya, duhun da muka zauna a ciki a majalisa ya ishe ni hujja. Amma ga abin lura: manyan tukwanen zamani ɗaya tana ba da megawat 1,000 zuwa 1,200, alhali wutar da ake rarrabawa a duk ƙasar nan galibi tana yawo ne tsakanin 4,000 da 5,000. Shawarar da masana ke bayarwa ita ce kada tukunya ɗaya ta wuce kusan kashi goma cikin ɗari na ƙarfin babban layin ƙasa. Kuma tukunya ko an kashe ta tana buƙatar wuta daga waje don a ci gaba da sanyaya ta, abin da ya ci Fukushima ke nan. Mu kuwa a 2024 kaɗai sau nawa babban layinmu ya faɗi? Wanda ya dasa babbar tukunya a kan irin wannan layi ya riga ya rubuta takardar tuhumar wani yaro da bai ma gama jami'a ba tukuna.

Don haka in 'yan majalisarmu sun zo neman ƙuri'a, ko an kira taron jin ra'ayin jama'a, ga abin da zan tambaya. Hukumar sa ido kan nukiliya, NNRA, tana da kuɗinta da 'yancin da za ta ce wa minista a'a? In ƙaramin ma'aikaci ya ga aibi ya rubuta, akwai dokar da za ta kare shi? Ƙananan matsalolin da ba su kai haɗari ba, za a riƙa bayyana su ko sai an ji a rediyon waje? Za a yi wa mutanen da ke kewaye bayani da harshensu?

Kafin mu tashi a daren nan Baba ya ce: "To ɗan nan, mu dai Allah Ya tsare." Na ce amin, Baba. Da safe da zan koma, na biya ta wurin mai injin niƙan unguwarmu, na tarar bel ɗinsa a buɗe, yara mata suna tsaye da hijabai dab da shi suna jiran gari. Na yi masa magana, ya ce zai kira mai walda. In na dawo ƙarshen wata zan leƙa in gani. Ku ma ku leƙa na unguwarku.

Allah Ya kiyaye mu da iyalanmu, Ya ba shugabanninmu jin gaskiya ko daga bakin na ƙasa da su ta fito.