HASUMIYAR GOBARAU DA MASU KEKE

Malamai da attajiran Karofi da Dutsin-Ma da Kurfi, ina so in jawo hankalinku ga wata magana wadda na ji ana musu a kanta a zaure. Samarinmu waɗansu suna so su ɗaura niyya su hau keke har birnin Katsina don su ga Hasumiyar Gobarau, dattawa kuwa waɗansu suka ce wannan wasa ne da ɓata taya. Ni dai ina bayan samarin, amma da sharaɗi.

Wanda ya tashi daga Dutsin-Ma ya bi ta Kurfi da Batagarawa, tafiyar kusan mil 40 ce. In ya yi sammako bayan asuba, kafin azahar yana gindin hasumiya. To, me zai gani? Ginin ƙasa ne, tubali da azara, tsawonsa kamar ƙafa 50, hawa-hawa yana tsukewa zuwa sama. Shi kaɗai ya rage daga babban masallacin da aka gina a ƙarni na 15, wanda ake danganta shi da Sarki Muhammadu Korau, sarkin Musulmi na farko a Katsina. A ƙarshen wannan ƙarni ne Shehu Magili ya zo daga ƙasar Tilimsan ya sauka Kano da Katsina. Masallacin nan makaranta ne kuma, inda ɗalibai suke zuwa daga nesa neman fikihu da nahawu, a birnin da ya haifi su Ɗan Marina da Ɗan Masani. Lokacin yaƙi kuwa daga bisanta ake hango ƙurar abokan gaba.

Akwai riwayar Malam Jodoma, cewa da aka yi gardamar alƙibla ya nuna da sandarsa, jama'a suka ga Ka'aba. Wannan labarin baka ne, Allah ne Masani. Abin da ba shakka a cikinsa shi ne, bayan jihadi an koma salla a wani masallaci, Gobarau ya zama kufai, damina ta yi ta cinsa shekara da shekaru, har Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya sa magina suka tā da hasumiyar. Ba don shi ba, da yau sai tudu.

Na san hujjar da wani malami zai kawo, wato hadisin da ya hana ɗaura sirdi sai zuwa masallatai uku. Gafarta malam, wancan hani a kan tafiyar neman lada da tabarruki ne. Wanda ya je don ya shafi bango ya nemi albarka, a hana shi, ni ma ina hana shi. Amma wanda ya je don ya ga inda kakanninsa suka ɗauki karatu, wannan tafiyar lura ce da izina, kuma shari'a ta kwaɗaitar da ita. Almajirin da ke zaton ilimi daga waje kaɗai yake zuwa, ku kai shi ya hau matakalar nan ya sauko.

Me ya sa keke? Ba ya cin mai, talaka yana da shi, mai shi kuma yana ganin ƙasa gari-gari, ba kamar na cikin mota ba da ke gyangyaɗi har tasha.

Ga sharaɗin. Kowa ya san abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙasar Kurfi da Dutsin-Ma a shekarun nan. Kada yaro ya fita shi kaɗai, kada a yi dare a hanya, kada a tashi sai da sanin mai gari da izinin iyaye. A tafi ayari, da babba mai hankali, da famfo da kayan faci da ruwan sha. In hanya ba ta yi kyau ba a haƙura, hasumiya ba ta gudu.

Ku kuma attajirai, ginin ƙasa yaɓe yake so bayan kowace damina. Kuna shiga Katsina sarin kaya kowane mako. Ku tambayi masu kula da wurin abin da ake bukata kafin ruwan bana ya sauka, ku kuma ɗauki nauyin guzurin ayarin farko da zai tashi daga Karofi.