HARSASHIN DA AKA ƘI A 1951

Jama'a, yau maganarmu a kan harsashi take. Mun san wani zai ce, ina ruwan talaka da faɗin bakin bindiga? To, da ruwansa, gama harajinsa ke sayenta, ɗansa kuma shi ke saɓa ta.

Ga asalin gardamar. Babban harsashi yana da nauyi, iska ba ta kaɗa shi da sauri, yana kai ƙarfinsa nesa. Amma yana bukatar albarushi da yawa, saboda haka bindiga takan tokari kafaɗa, in kuwa aka sake ta tana ɓari ba tsayawa sai bakinta ya yi sama, harbin ya tafi a banza. Ƙaramin harsashi ba ya wahal da kafaɗa, ba ya kuma nauyaya kaya: guda ɗaya mai faɗin milimita 7.62 ya kai giram 25, mai milimita 5.56 kuwa wajen giram 12 ne, watau soja yana ɗaukar biyu a madadin ɗaya. Aibinsa shi ne da ya yi nisa sai gudunsa ya ragu, iska ta karkatar da shi.

Tsofaffin sojanmu da suka je Bama sun san babban, domin .303 suka riƙe, wanda aka yi don harbin nesa ƙwarai. Amma Yaƙin Duniya na Biyu ya nuna cewa yawancin faɗan sojan ƙasa ba ya wuce yadi 300. Da aka gama yaƙi sai masanan makamai na Ingila suka zauna, suka fito da matsakaici mai suna .280, faɗinsa milimita 7, siriri mai tsawo, mai keta iska, ba ya kuwa tokarin kafaɗa kamar na da. Suka ƙera masa bindiga mai suna EM-2. A 1951 Mista Shinwell, Ministan Tsaro na Gwamnatin Leba, ya ba da sanarwa cewa sojan Ingila sun karɓe ta.

Sai Amurka ta ce ba ta yarda ba. Kanar Studler, babba a ofishin makamanta, ya kafe a kan cewa duk abin da bai kai .30 ba ya yi rauni, alhali kuwa a gwajin da aka yi a ƙasarsu a 1950 kwamitin sojan ƙasa na Fort Benning ya fi son na Ingila. Ba wannan ne farko ba. Tun a 1932 kwamitinsu ya zaɓi matsakaici mai suna .276, Janar MacArthur ya soke, dalilinsa kuwa rumbuna cike suke da tsohon harsashi.

A watan Oktoba na 1951 Mista Churchill ya komo kan mulki, ya jingine EM-2. Ba za mu ɓoye hujjarsa ba, don tana da nauyi. Ana yaƙi a Koriya, kuma in ƙawaye za su yi yaƙi tare, wajibi ne harsashin wannan ya shiga bindigar wancan, masana'antun Amurka kuwa su ne manya. Da haka ƙungiyar NATO ta karɓi milimita 7.62 na Amurka a 1954. Ingila ta ɗauki bindigar FN ta Beljiyam, ta hana ta ɓari, sai ɗaya ɗaya, saboda harsashin ya fi ƙarfin riƙo. Wannan ma'auni shi ya gangaro har hannun sojan Nijeriya, cikin FN da G3.

To, ku ji abin da ya biyo baya. Amurka ba ta ɗauki FN ba, ta yi tata M14 a 1957. Kafin shekara goma ta cika, a dazuzzukan Biyetnam, ta ga nauyin ya yi yawa, ta fara karɓe ta tana ba sojanta M16 mai milimita 5.56. Wadda ta ce milimita 7 ya yi ƙanƙanta, ga ta da abin da bai kai 6 ba! Ta bar ƙawayenta riƙe da abin da ta tilasta musu, har 1980 da NATO ta sake bin ta zuwa ƙaramin. Ina haɗin kan da aka yanka EM-2 dominsa?

Kowa ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. A duwatsun Afganistan aka riƙa yi wa sojan NATO ruwan wuta daga nisan da ƙaramin harsashinsu ba ya isa da ƙarfi. Amurka ta kakkaɓe tsofaffin M14 daga rumbu, Ingila kuma ta sayi L129A1 mai milimita 7.62 a 2010 ta ba gwanayen harbinta. A 2022 sojan Amurka suka zaɓi sabuwar bindiga ta kamfanin SIG Sauer, faɗin harsashinta milimita 6.8. Bayan shekara 71 an komo daf da inda masanan Ingila suka tsaya. Ko da yake, don gaskiya, ba .280 ba ne aka tayar daga kabari: an cusa wa sabon ƙarfi mai yawa don ya huda sulke, gidan harsashinsa kuwa 20 yake ci a madadin 30. Tsohon son ƙarfi bai mutu ba.

Mu dai ra'ayinmu a fili yake. In ana tambaya wanne ya fi, babba ko ƙarami, amsa ita ce kowanne gwani ne a fagensa, makaho ne a fagen ɗan'uwansa. Sojan da bai san ko gobe a kurmi zai kwana ko a kan dutse ba, matsakaici ya dace da shi, tsakanin milimita 6.5 da 7. An san haka a 1932, an sake sani a 1951. Abin da ya kayar da shi sau biyu ba filin gwaji ba ne, fin ƙarfi ne da ƙyashin zubar da tsohon kaya.

Saboda haka muna kira ga duk majalisar da za a kawo wa takardar sayen makamai, ta yi tambaya uku kafin ta ɗaga hannu. A ina aka gwada? Wa ya gwada? Me sojan da zai ɗauka ya ce? In amsar ita ce babban aboki ne ya ce a saya, to, a tuna da Ingila, wadda ta bi umarni ta yar da nata, ta yi shekara talatin tana ɗauke da kayan da mai ba da umarnin ya riga ya sauke.

Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Allah Ya ba shugabanni kunnen jin masu sani, amin.