Takunkumin Nijar: A Kawo Kyamara Jibiya

'Yan uwa malamai, tun ranar 30 ga Yuli, 2023 da ƙungiyar ECOWAS ta zauna a Abuja ta ƙaƙaba wa Jamhuriyar Nijar takunkumi, bayan juyin mulkin da ya kifar da Shugaba Mohamed Bazoum, ba na bari labaran dare su wuce ni. Abin da na riƙa gani a 2023 bai wuce shugabanni suna gaisawa a zauren taro ba, sai masana suna muhawara kan tura sojoji da yanke wutar lantarki. A lokacin da wuya a hasko Magama, inda manyan motoci suka yi cirko-cirko, hanyar Maraɗi ta mutu.

Mu kuwa a lokacin mun karanta labarin takunkumi a rajistar aji. Yaron da ubansa direba ne ko ɗan dako ya daina zuwa da kuɗin tara. Yarinyar da ba ta fashi ta koma talla har azahar. Akwai wanda kakarsa ke Ɗan Isa, ta kwanta ciwo, an kasa zuwa dubiya. Katsina da Maraɗi ɗanjuma ne da ɗanjummai. Wanda ya rufe iyaka, gida ɗaya ya raba.

Ƙorafi a ɗakin malamai ba ya isa kunnen edita. Shawarata ita ce reshenmu na NUT ya tattara adadin ɗaliban da suka rage zuwa a kowace makaranta, a kwatanta zangon da ya gabaci rufe iyaka da na lokacin da iyakar ke rufe. Edita na iya watsar da koke, amma yana girmama alƙaluma. Sai a rubuta wasiƙa ɗaya mai sa hannun shugaba da sakatare, a kai ta hannu da hannu ga NTA Katsina da gidan talabijin na jiha da ofishin NUJ, a gayyaci wakilansu ranar kasuwa, a tanadar musu direba da 'yar kasuwa da shugaban makaranta waɗanda suka yarda su yi magana. A riƙa buga waya a shirye-shiryen kai tsaye. Fuskar yaro kuwa kada ta fito sai da izinin iyayensa.

Kada mu shiga gardamar wa ke da gaskiya tsakanin Abuja da Yamai, domin nan take za a ce siyasa muka zo yi. Buƙatarmu guda ce: duk ranar da za a tattauna takunkumi, a sa muryar mutumin bakin iyaka. Ina roƙon a sanya wannan batu a ajandar taronmu mai zuwa, kowa ya zo da rajistarsa.