Wai A Kashe Lokaci!

'Yan'uwa ɗalibai, duk sa'ad da aka rufe makaranta, ko don hutu ko don yajin aiki, akwai wani saƙo da ba ya makara. Kafin mutum ya sauka a tashar garinsu ya riga ya iso masa: jerin finafinai da shirye-shirye masu dogon zango, wai don maganin gundurar zaman gida. A wannan hutun da ya wuce har guda uku aka aiko mini, kuma duka ukun da kalma ɗaya suka buɗe, wato "kashe lokaci". To, ni wannan kalma ce ta tsaya mini a maƙogwaro, shi ya sa na roƙi Edita fili.

Wane laifi lokaci ya yi mana da za mu kashe shi? A shekarar 2020 ɗaliban jami'o'in gwamnati sun yi wata tara a gida. A 2022 aka sake rufe ƙofa tun 14 ga Fabrairu, ba a buɗe ba sai tsakiyar Oktoba, wata takwas cur. Wanda aka yi wa wannan asara, maimakon ya zauna ya tambayi kansa yadda aka yi ƙasa mai arzikin mai ta kasa riƙe ajujuwanta a buɗe, sai a miƙa masa Game of Thrones mai kashi 73, in ya gama a ɗora masa Ertuğrul mai kashi 150, kowane kashi awa biyu ko kusa da haka a yadda Turkawa suka shirya shi. Ku yi lissafi da kanku: awa ɗari uku ke nan, kwana goma sha biyu da rabi ba barci ba salla. A awa ɗari uku ana koyon sana'a.

Kada wani ya ɗauka ina cikin masu cewa kallo haramun ne ko wauta. Ni ma ɗan kallo ne, kuma ban ga aibin mutum ya huta ba. Abin da nake ƙi shi ne a ce mana fim ruwan sanyi ne kawai, a sha a manta. Turawan mulkin mallaka ba su taɓa ɗaukarsa haka ba. Tun 1939 suka kafa hukuma ta musamman a Ingila don shirya wa mutanen ƙasashen da suka mallaka finafinai, suna yawo da majigi a mota ƙauye ƙauye, ana kafa farin ƙyalle a ƙofar fada. Kakanninmu sun kalli Baban Larai suna dariya, alhali darasin noman auduga ake cusa musu, audugar da za ta ƙare a masaƙun Ingila. Su ma Turkawa gidan talabijin na gwamnatinsu ne ya ɗauki nauyin Ertuğrul, kuma sun ci riba, tun da yau za ka sami ɗan aji uku a jami'a wanda zai lissafa maka Turgut da Bamsi da dawakinsu, amma ka tambaye shi inda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a 1903 sai ya hau sosa ƙeya. A Burmi ne, malam. Ban ga laifin Turkawa ba. Kowa ya gyara gonarsa. Laifin namu ne da muka bar tamu ta zama saura.

To me za a kalla? Tun da masu jeri sun yi nasu, bari ni ma in yi nawa, amma nawa ba ya sa barci.

Wanda ya fara aikin gwamnati, ko yake sa rai, ya nemi Mandabi, wanda Usman Sembene na Senegal ya yi a 1968 cikin harshen Wolof. Wani dattijo ne, Ibrahima Dieng, mai mata biyu da 'ya'ya ba aikin yi, ɗan 'yar'uwarsa ya aiko masa da takardar kuɗi ta gidan waya daga Faris. Ya je karɓa aka ce sai da katin shaida. Ya je neman katin aka ce sai da takardar haihuwa da hoto. Takardar haihuwa kuwa ba ta samuwa ga wanda bai san ranar da aka haife shi ba. A haka ya yi ta zarya daga wannan tebur zuwa wancan, maƙwabta sun ji labarin kuɗi sun yi masa caa, bashi ya hau kansa, daga ƙarshe wani ɗan boko mai kwat da ya yi alkawarin taimako ya cinye kuɗin. Fim ɗin ya haura shekara hamsin, amma duk wanda ya taɓa raka tsohonsa ofishin fansho zai rantse jiya aka ɗauke shi. Kai da za ka zauna bayan tebur gobe, ka kalli fuskar dattijon nan da kyau, domin irinsa ne za su tsaya a gabanka da hula a hannu.

Daga nan sai Xala na 1975, shi ma na Sembene. Tun a farkonsa ake ganin 'yan ƙasa sun kori Turawa daga majalisar 'yan kasuwa da kiɗa da rawa, ba a jima ba Turawan suka dawo suka ajiye wa kowa jaka cike da kuɗi a gabansa, kowa ya buɗe ya leƙa ya yi murmushi. Alhaji Abdulƙadir, tauraron labarin, da ruwan kwalba na Faransa ake wanke masa Marsandi. Ya ƙara mata ta uku da dukiyar da ba tasa ba, daren farko mazakuta ta ƙi. Ba zan faɗi yadda almajiran da ya sa aka kora daga ƙofar ofishinsa suka yi da shi ba. Ku gani da idonku. Na dai san da wuya ɗalibi ya kalle shi ya sake sha'awar kwat irin ta dā.

A nan maƙwabta, Umaru Ganda na Nijar, wanda Faransa ta kai yaƙin Indocin yana saurayi, shi ne ya fara cin babbar lambar bikin finafinan Afirka na Wagadugu a 1972, da fim a kan wani Alhaji da ya auri yarinyar da aka riga aka yi wa miji. Mu nawa ne muka taɓa jin sunansa? Daga Sakkwato zuwa Yamai tafiyar yini ce, amma mun fi sanin unguwannin Mumbai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Shaihu Umar. Littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, wanda da yawanmu muka karanta a sakandare: yaron da aka sace, aka sayar, aka ƙetare Sahara da shi, da uwar da ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta. Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976, da Hausa, da mutanenmu, da kuɗin ƙasar nan. Daga nan sai ya ɓace. Shekara arba'in ana zaton ya salwanta, sai a 2016 aka tsinto faifansa cikin ƙura a wani ɗakin ajiyar finafinai. Wa ya gyara shi? Wata cibiya a Jamus. Ina aka fara nuna gyararren? A bikin finafinai na Balin, a 2018. Haba jama'a! Labarin Firayim Ministanmu na farko, a harshenmu, sai Jamusawa sun share masa ƙura sun kalla kafin ɗan Bauci ya gani. Wannan kaɗai ya isa a kira taron gaggawa na ƙungiya, mu da muke kiran taro a kan ƙarancin nama a miya.

Za a ce mini waɗannan duk tsofaffi ne, hotonsu ya dushe. To ga na yau. Kwana Casa'in na tashar Arewa24 ya ƙirƙiri jihar Alfawa don ya faɗi abin da ba a iya faɗa da sunan jiha ta gaskiya, kuma duk wanda ya kalli yadda ake sayen 'yan jarida da 'yan daba a cikinsa ya san ba daga sama marubutan suka samo ba. Daɗin Kowa, duk da jan labari da yake yi har a gaji, ya sa almajiri da ɗan gudun hijira da ɗan ƙwaya a gaban kyamara a matsayin mutane masu suna da iyaye. The Milkmaid na 2020, wanda yawancinsa da Hausa ne, ya bi 'yan mata biyu 'yan Fulani da masu tayar da ƙayar baya suka raba da gida. Ban ce ba su da aibi ba. Masu shirya finafinanmu da yawa har yanzu ba su san wata matsala a duniya ba sai ta wanda za a aura, kuma falon da suke nunawa ba irin na kowa ba ne a unguwarmu. Amma mai gyara kayan gida ya fi mai zaman jiran a fassaro masa na Indiya.

Na san uzurin da za a kawo, kuma yana da ƙarfi: ina za a same su? Na Indiya da na Koriya suna nan a kowane shagon tura finafinai a kan kuɗi kaɗan, Sembene kuwa sai an sha wuya. Gaskiya ne. Amma ƙungiyarmu tana karɓar kuɗin kowane ɗalibi a farkon shekara, kuma mun ga abin da ake kashewa a daren rawa da bugun kalanda mai hotunan shugabanni. Ina kira ga Sakataren Walwala ya ware dare ɗaya a mako, ya aro majigi daga sashen koyar da aikin jarida, a kafa a babban ɗakin taro, a fara da Shaihu Umar, bayan an gama a kunna fitila a yi muhawara. In ya ce ba kuɗin man janareto, ni da abokan ɗakina mun ɗauki nauyin daren farko.